Shafukan da Kaka Ta Naɗe Ƙosai da Su

Shekarar da ruwan sama ya kayar da katangar bayan gidanmu a Fagge, ina da shekara tara. Ban manta ba, domin a wannan shekarar ce saura kaɗan Ummata ta bar gidan.

Kaka, mahaifiyar Babana, tana suyar ƙosai a ƙofar gida bayan magariba. Idan masu saye suka ragu, sai ta jawo kaskon da ta yi garwashi a ciki zuwa tsakar gida, mu kewaye ta. Ni take fara kira. "Maigidana, matso nan, kar wata ta ƙwace mini kai." Sai ta ba ni gutsuren da ya ƙone, ta ce rabon miji ke nan.

Da can tatsuniyoyin dabbobi take ba mu. Abin ya canza da Gwaggo Ladi, ƙanwar Babana, ta fara sayo tsofaffin littattafan da mata ke rubutawa, a wani tebur a Sabon Gari. Ita kaɗai ta iya karatun boko a gidan. Da rana takan karanta wa Kaka yayin da take gyaran wake, da yamma kuma Kaka ta ba mu labarin da bakinta, ta sa masa gishiri. "Ga ta nan," in ji ta, "amma ta boko ce, masu hawa mota ne a ciki."

Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, yakan yi makonni a kudu. Idan wasiƙarsa ta zo, Gwaggo ce mai karantawa. Umma ta sa a ranta cewa Gwaggo tana tsallake wurin da ya yi maganarta, don wasiƙa mai tsawo sai ta ƙare a "yana gaishe ki". Daga nan suka daina magana. Har Umma ta ɗaure kayanta, ta gaya wa Kaka bayan Juma'a za ta tafi garinsu da ƙanwata, ni kuwa a bar ni gidan ubana. Na ji wannan da kunnena.

A cikin wannan makon ne ake labarin Zulai. Matar wani attajiri ce, suna zaune a gidan sama tare da ƙanwar mijinta, Hindatu. Kullum da safe Zulai takan tsinci takarda a ƙarƙashin ƙofa, babu sunan marubuci: kada ki ci abin da aka kawo miki. Ta zuba wa kyanwa abincin, kyanwa ta mutu. Mijin ya kulle gida, ya ce ba mai fita sai an gane mai yin wannan. Kaka takan rage murya ta ce, "To, ƙofa a kulle, taga a kulle, amma takarda ta sake zuwa." Sai mu matsa jikinta.

Umma ba ta zama da mu, amma daga ƙofar ɗakinta muka ji ta ce, "Ai ba sai an yi bincike ba. Ƙanwar miji ce."

Gwaggo ta dubi wuta ta ce, "Wasu matan su ke haƙa ramin, su faɗa, su yi ta kuka."

Kaka ta ce, "Gobe ma ji. Kowa ya riƙe bakinsa."

Washegari Gwaggo ta buɗe littafi, ta tarar ƙarshensa babu. Kaka ce ta yage. Takardar naɗe ƙosai ta ƙare mata, ita kuwa karatun allo ta sani, inda littafi ke farawa daga dama. Ta ɗauka bayan littafin ne farkonsa, wanda aka riga aka karanta. Ganye goma sha shida ta cire.

Gwaggo ta ce, "Inna, wannan fa ƙarshen ne!"

"Yo su 'yan boko komai nasu a baibai? Mutum ya fara littafi daga gindi?" in ji Kaka. Sannan ta ce, "Sai a je a nemo. Ke Ladi kin san takardar, ba ki san wanda ya saya ba. Uwar maigidana ita ke miƙa wa mutane, ta san kowa. Ku tafi tare."

Umma ta ce, "Inna, takardar da ta sha mai?"

"Ni dai ba na barci sai na ji wanda ya kashe kyanwar nan."

Ba mai iya musa wa Kaka. Ranar Alhamis da hantsi suka fita, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sun samu ganye uku a wurin mai shayin bakin tasha, ya ajiye don hura wuta. Iya Basira mai kayan miya ta ba su biyu, bayan ta yi musu dariya har da riƙe ciki. Mama Ngozi mai ɗinki a Sabon Gari ta zazzage kwandon shararta, aka samu huɗu, ta ce in an gama a zo a gaya mata ƙarshen. Da la'asar suka dawo kafaɗa da kafaɗa, hannuwa duk mai, Umma tana ba da labarin yadda akuya ta riga Gwaggo kai wa ga wata takarda.

Da yamma aka jera ganyen kusa da fitila. Umma ta fito ta zauna a tabarma. Gwaggo ta karanta a zuci tukuna, ta daɗe a kan ɗaya, sannan ta ce direban gidan ne yake sa gubar, yake kuma turo takardun don ya haɗa matan faɗa. Kaka ta karɓe zancen. "Kun ji ko? Ɓarawo yana waje yana shan iska, su suna ciki suna cizon juna. Na sauke kayana, mai so ya ɗauka." Juma'a ta zo ta wuce. Umma ta kwance kayanta. Daga baya, duk wasiƙar da ta zo, Gwaggo takan sa yatsa a kan layi tana karantawa, Umma na bin yatsan da ido.

Ni ban yi boko ba. Dako na yi a kasuwar Singa, yanzu ina tuƙa adaidaita sahu. Shekara uku ke nan da na shiga ajin manya na yamma, ina haɗa baƙi a hankali. Da Gwaggo ta ji, ta ciro littafin daga ƙasan akwati, da ganyen nan tara a ciki, sun yi ja. Wata biyar na yi kafin na kai gare su. Da na kai, na karanta sau uku, don na zaci idona ne. Babu direba a ciki. Zulai ce da kanta take rubuta takardun, ita ta kashe kyanwar, don a kori Hindatu.

Na je na sami Gwaggo, ta tsufa, tana tsintar shinkafa. Na ce, "Gwaggo, ashe ke kika ci gardamar."

Ta yi dariya. "Na buɗe baki zan faɗa, kakarka ta taka mini ƙafa. Ba ta iya karatu ba, amma fuskata ta karanta. Kuma ranar mun sha rana tare da uwarka, ta saya mini ruwan sanyi. Ina zan kai cin gardama?"

Na tambaye ta ko da gaske tana tsallake wani abu a wasiƙun. Ta ce, "Wanda ya fi ƙarfin bakin ƙanwa. Yayana ne fa, kunya nake ji."

Umma tana nan da ranta a ɗakin da ta so bari. Ban gaya mata ba, ba kuma zan gaya mata ba. Na daɗe ina ganin cewa wanda ya iya karatu shi ya san labari. Yanzu ina karanta allon hanya da saƙon waya da kaina, ina jin daɗin haka ƙwarai, amma har yau ban kai Kaka sanin inda ya kamata labari ya tsaya ba.

Ganye goma sha shida aka yage. Tara sun dawo. Shida sun bi wuta da kwata, ɗaya akuya ta cinye. Ban da su, ba abin da gidanmu ya rasa.