Gashin da Baba Muntaka Ya Sani

Tsoron ya kama ni ne lokacin da Sista Luba ta kira sunan Ruwaida Muntaka sau uku a bakin ƙofa, ba wanda ya amsa. Ranar Litinin ce, motar da za ta kwashi marasa lafiya daga Dutse tana jira. Na leƙa benci, babu yarinyar, babu mahaifinta.

"Me ka faɗa masa ranar Alhamis?" in ji Sista.

Wata huɗu ke nan da na fara samun horo kan maganin ciwon daji da na'urar haske, abin da mu a asibiti muke kira gashi. Akan turo mu Dutse mu duba waɗanda za a kai babban asibitin da na'urar take. Ruwaida shekararta shida. An cire mata ƙoda ɗaya mai ƙari, ana so a fara haska wurin kafin mako biyu. Ni kuwa, idona a kan fayil, yarinyar tana zaune a cinyar mahaifinta, na ce, "Baba, saura gashi. Za a riƙa gasa wurin kullum har kwana takwas." Ya ce to. Na kira na gaba.

Sista ta ɗora yatsa a kan layin da ban karanta ba. Sana'ar uba: mai tsire.

Wayarsa ba ta shiga. Mako uku na yi ina cewa gobe, saboda na kasa kallon malamarmu, Dakta Hamida, in gaya mata. Da na faɗa, ba ta yi faɗa ba. Cewa ta yi, "Ka san hanyar Ringim ai."

Kowa a bakin tashar Ringim ya san Baba Muntaka. A gidan mahauta aka haife shi, yana ɗan shekara goma mahaifinsa ya zaunar da shi gaban tukuba, bai sake wata sana'a ba. Da tsiren ya gina ɗakuna uku, ya aurar da 'ya'ya huɗu. Yatsunsa sun daina jin zafi, da hannu yake juya garwashi. Ruwaida ce autarsa. Takan biyo shi wurin aiki, shi ya sa ya ja layi da gawayi a ƙasa, taku uku daga wuta, wanda ba ta da izinin tsallakewa. Kullum da la'asar sai ya sabunta shi.

Na same shi yana barbaɗa ƙuli. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya ba ni benci, sannan ya ɗauko tsinke ɗaya daga bakin wuta ya miƙo kusa da fuskata.

"Likita, wannan minti biyar ya yi. Kai ka ce kwana takwas."

"Baba, ba irin wannan ba ne."

"Shekara arba'in ina gashi, ɗana. Ban taɓa ganin naman da ya shiga ya fito da rai ba." Ya mayar da tsinken. "Ka san abin da ta tambaye ni a mota? Wai a tukubata za a yi ko a taku."

Na yi masa bayanin da ya kamata in yi tun farko: babu wuta, babu zafi, kwanciya kawai za ta yi kamar lokacin ɗaukar hoton ciki. Na faɗa masa gaskiya cewa fatar wurin za ta iya yin duhu, za ta iya yin amai. Na nuna masa ɗakin na'urar a wayata. Ya daɗe yana kallo.

"To me ya sa kuke ce masa gashi?"

"Haka na tarar ana faɗa, Baba."

"Ni ma haka na tarar da tawa sana'ar. Amma ina duba abin da ke gabana kafin in sa wuta."

Ya kai ni gida in maimaita wa mahaifiyar yarinyar, Bilki. Ruwaida na ganina ta ɓuya bayan zanen uwar, har na tafi ba ta fito ba.

Litinin ɗin da ta biyo baya ya rufe tukuba ya kawo ta babban asibitin. Dakta Hamida ta tsuguna daidai tsayinta, ta bar ta ta taɓa gadon na'urar da tafin hannu don ta ji sanyinsa. Ina tsaye a baya.

Ba a fara ba tukuna. Mako biyar sun wuce maimakon biyu, don haka an sake ɗaukar hoton cikinta da na ƙirji a ga ko ciwon ya dawo. Baba Muntaka ya kira ni jiya da safe. Na ce masa sakamakon bai fito ba, sai Alhamis.