Mai Zif da Jakunkunan Auta

Shekara ashirin da shida Mai Zif ya yi a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, yana gyaran jakunkunan mutane. Zif ya lalace, hannu ya cire, gindi ya yage, duk wurinsa ake kawowa. Kallo ɗaya zai yi wa jaka ya faɗi inda za ta fara mutuwa. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa ɗinka tasa ta kansa ba. Kullum cewa yake sai ya samu fata mai kyau.

Ƙanwarsa, Auta, shara take yi a wani kamfanin buga tallace-tallace. Rannan ta shigo masa da naɗin tsofaffin ledojin talla da aka sauke daga bakin titi, masu kauri kamar tamfol, waɗanda mai kamfanin ya ce a zubar.

"Yaya, ara mini tsohon keken ɗinkin nan mana, na ƙarƙashin tebur."

"Ki yi me da shi?"

"Jaka zan gwada."

Ya yi dariya har da tari. "Da kayan bola? Ɗauki, dama tsatsa yake yi."

Ta farko ta fito a karkace, da rabin fuskar wata mai tallan man goge haƙori a gefe. Auta ta rataya ta tafi kasuwa, ruwa ya dake ta a hanya, kayanta ko ɗigo bai taɓa su ba. Wata mai sayar da kwanuka ta gani ta ce a yi mata. Daga ita sai malaman makaranta, sai masu babur. Kafin shekara ta zagayo Auta ta ajiye tsintsiya, ta kama ɗaki, ta ɗauki mata biyu aiki.

Abin ya tsaya wa Mai Zif a rai. Yana zaune zai ga jakar ta wuce a kafaɗar wani, sai ya ji aikin hannunsa ya fita masa a rai. Wanda ya fi ƙona shi shi ne ranar da wani baƙo ya tsaya neman kwatance: "Malam, kai ne yayan mai jakar nan?" Shi da aka sani a layin tun Auta ba ta iya sa zare a allura ba! A gida ma matarsa ta sayi ɗaya ta ɓoye bayan ƙofa. Da ya gani, kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Sai ya yi zuciya ya sayo fata, ya shafe mako uku yana ɗinka jaka, kowane ɗinki a miƙe. Ya rataye ta a ƙofar shago. Mutane su shafa, su yaba, sannan su tambaya ko yana da irin ta ledar.

Wata safiya Auta ta zo da jakunkuna biyar da aka dawo mata da su, duk hannuwan sun cire. Idonta ya yi ja.

Daɗi ya kama shi, ya kuma ji kunyar daɗin. Ya juya ɗaya a hannu. "Ɗinki ɗaya tak a inda nauyi ke sauka? Wa ya ce miki haka ake yi?"

"Ba wanda ya ce mini komai, Yaya. Wanda ya sani bai taɓa leƙo ni ba."

Sai ya tura mata kujera da ƙafa, ya nuna mata yadda ake ninke bakin hannun, a bi shi da ɗinki a gicciye.

Tun daga ranar shi ke ɗinka mata hannuwan, yana yi yana gunaguni. Ko jiya da wata mata ta yabi Auta a gabansa, sai da ya karɓe jakar matar ya miƙa mata hannun da shi ya ɗinka.

"Hajiya, nan za ki ja. Ja da ƙarfi."