Fitilar da Yaya Bala Ya Rataya a Rumfar Masu Kifi

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Bala, mai haɗa wayar wuta a Yelwa, amma duk asubar da na bi ta rumfar masu gyaran kifi sai ya faɗo mini a rai.

A da, ƙwan fitila ɗaya ne a rumfar, ɗan kewayayye, rataye a tsakiyar dogon tebur. Al'adar wurin kuwa, wadda ta fi daɗewa ita ke zama ƙarƙashinsa, sabuwa ta koma can ƙarshe. Innarmu baƙuwa ce, daga Wara muka dawo bayan rasuwar Baba, don haka a duhu take feɗe kurungu, kifin nan mai ƙaya. Kullum ƙaya ta soke ta, har babban yatsanta ya kumbura aka fara zancen yanke shi. Da hannun nan take ciyar da mu.

Yaya bai yi faɗa da kowa ba, ya san ba a raba tsohuwa da mazauninta. Sai ya kawo dogayen ƙwayaye uku, ya jera su baki da baki, tun daga wannan kai na tebur har wancan. Aka yi ta masa dariya, wai ya rataya rake a rufi. Shugabar matan ta ce ya zubar mata da girma, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa. Yatsan Inna dai ya warke, kuma ba wadda aka tayar daga wurinta.

Abin da ya dame shi har ya koma ga Allah shi ne wutar lantarki ta fi tafiya da zama. Ina ma ya ga yau. Matan da kansu suka sa sola, da siraran fitilun zamani marasa ƙyaftawa, kuma na ga irin jerin nasa a rumfunan Wara da Shanga. Na san zai yi ƙorafin an karkata layi, don bai iya yabo kai tsaye ba. Ni dai alfahari nake yi, alheri danƙo ne.

Yanzu Inna ce mafi daɗewa a rumfar. Ranar Juma'a na same ta can ƙarshen tebur tana gyaran kifi tana shan iska, na ce ta koma tsakiya, ai haƙƙinta ne. Ba ta ko ɗago kai daga kifin ba.

"Mi zan nema can? Ɗana ya maishe ko'ina tsakiya."

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya.