Ranar da aka aike ni sayen harawa

Mutumin da ya koya mini hawan doki shi ne ya yaudare ni. Ya aike ni sayen harawa don in bar wurin, ya ɗauki dokin da nake jinya ya bayar aka hau a bikin ƙanin matarsa, dokin bai ƙara taka ƙasa daidai ba. Abin da aka yi mini ke nan, kuma har yau ban huce ba.

Ni mutumin Kahu ne. Boko na tsaya a aji biyu na sakandare, na yi noma, na yi acaɓa har gwiwata ta gaji. Na haura arba'in ban taɓa ɗora ƙafa a likkafa ba. Harawa ce ta kai ni makarantarsa ta hawan doki, wani fili da aka kewaye a gefen hanyar Rano zuwa Kibiya, da rumfunan kwano da turaku a jere. Mai wurin tsohon ɗan sanda ne, a sashen dawakai ya yi aikinsa har ya yi ritaya. Kowa Malam yake ce masa. Ɗalibansa yawanci ma'aikata ne da 'yan kasuwa da ke zuwa daga Kano ran Asabar da Lahadi. Ya ga ina daɗewa a bakin turke bayan na sauke harawar da nake kawo masa, sai ya ce in ina so in riƙa taya shi aiki, shi kuma ya koya mini.

Na ɗauka washegari zan hau. Ashe shebur zai miƙo mini. Na daɗe ina kwashe kashi, ina jiƙa dusa da kanwa, ina wanke kwatarniyar ruwa, kafin ya bar ni in taɓa sirdi. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Mutumin Kahu, wannan ba babur ba ne da za ka buga masa ƙafa ya tashi." Ranar da na fara hawa na riƙe linzami kamar ina riƙe da kan babur, na faɗo a kan tarin taki, 'yan Kano suna dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya wuce ni ina kwance, ya je ya buɗe bakin dokin yana duba ko na ji masa ciwo.

Ba zan ci amanarsa ba, ya iya aiki. Shi ya koya mini cewa ba a ba doki ruwa yana haki, ba a ɗaure shi da gumi a jiki, ba a ja masa linzami don burge masu kallo. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne kofato. Kowace safiya, kafin ka gaisa da kowa, ka durƙusa ka ɗora tafin hannunka a kan kofato ɗaya bayan ɗaya, ka shafa jijiyar da ke bayan ƙafa. In ka ji zafi, ranar babu sirdi, ko wane ne ya zo. Na ga ya mayar da wani babban mutum gida da takalman hawansa sababbi saboda wannan dokar. A ranar na ce a raina na samu wanda zan bi.

Dokin da na koya a kansa kili ne, fari tas, ya ɗan manyanta. Mai haƙuri ne da sabon hannu, amma yana da wata ɗabi'a: in na makara sai ya juya mini baya, ba zai kalle ni ba sai ya ji ƙarar gero a kwano. Matata takan ce tunda na samu wanda nake gaisarwa kafin ita, to ya riƙa dama mini koko. Ban musa mata ba. Mutumin da ya kai shekaruna bai iya komai ba sai a ce masa tafi nan, tafi can, in ya samu dabba mai girman wannan tana juyawa da ɗan motsin yatsansa, ba zai iya bayyana wa kowa abin da yake ji ba.

Bayan kaka, wata safiya na ɗora hannu a ƙafarsa ta gaba, ta dama, na ji zafi, jijiyar ta kumbura. Na kira Malam. Ya durƙusa da kansa ya shafa, ya sa na ja shi ya ga ɗingishin. Ya ce babu hawa sai ya warke sarai, a riƙa zuba masa ruwan sanyi safe da yamma, a naɗe ƙafar, a rage masa hatsi. Na yi duk yadda ya ce. Kumburin ya fara saɓewa, amma zafin bai tafi ba.

Ana cikin haka surukin Malam ya zo, uban matarsa, wani Alhaji daga cikin Rano. Ɗansa zai yi aure, kuma abokan ango sun shirya hawan angwanci. Ango zai sa fararen kaya, don haka farin doki ake so, saboda hoto. Ina tsaye da bokiti na ji Malam yana cewa akwai wasu dawakan, ga ja, ga baƙi, duk lafiyayyu. Alhajin ya ce shi bai zo zaɓe ba, kuma bai taɓa roƙon Malam komai ba tun da ya ba shi 'ya. Malam ya sunkuyar da kai. Da suka tafi na ce masa, "Malam, ƙafar fa." Ya ce ya sani, in kwantar da hankalina.

Ranar bikin da safe ya ce harawa ta kusa ƙarewa, in tafi Unguwar Gai, akwai mai sayarwa da araha. Na leƙa rumbu na ga akwai saura, amma ban kawo komai a raina ba. Na tafi. Sai bayan azahar na dawo, na tarar da turken kilin babu kowa, tsumman da nake naɗe masa ƙafa yana yashe a ƙasa, kusa da shi ga kwalbar allurar kashe zafi. Na san allurar. Malam ne da bakinsa ya taɓa ce mana ita ce mafi mugunta ga doki mai ciwon ƙafa, don tana ɓoye masa ciwon, ya yi ta gudu a kai.

Na tari babur zuwa Rano. Ban sha wahalar nemansu ba, kiɗa ya kai ni. Ga kilin nan a tsakiyar kwalta, an lulluɓe shi da kayan ado, an sa masa wani linzami mai kaifi da ba namu ba. Ango ya riga ya sauka, abokansa ne ke karɓa-karɓa. Kowa ya hau sai ya sake shi da gudu, ya zo gaban 'yan mata ya ja zamiya, kofato na gurzar kwalta. Bakin dokin kumfa da jini. Na kutsa na kama linzamin, na ce ba shi da lafiya, don Allah su sauka. Wanda ke kai ya ce, "Baba, in hawa kake so ka bi layi." Aka yi dariya, aka ture ni gefe. Na nemi Alhajin, aka ce yana cikin gida da manyan baƙi. Na nemi Malam, aka ce bai zo ba. Na koma bakin titi na tsaya ina kallo, don babu abin da ya rage mini.

Wajen la'asar allurar ta sake shi. Ya tsaya cak, ya ɗage ƙafar, jikinsa na rawa. Suka zuba masa bulala bai motsa ba. Nan ne suka tuna da ni, suka miƙo mini igiya suka koma wajen rawa. Na kwance sirdin na bar musu a ƙasa. Muka kama hanya da ƙafa, ya yi taku kaɗan ya tsaya, ya jingina kansa a kafaɗata, mu sake tashi. Mutane na wucewa suna tambaya ko na sayarwa ne.

Na yi jinyarsa har sanyi ya wuce. Likitan dabbobi ya zo ya duba, ya ce jijiyar ta riga ta lalace, ba zai ƙara ɗaukar mutum ba. Malam ya daina bi ta gaban turkensa. Ɗalibai in sun tambaya sai ya ce tsufa ne. Rannan na zo da safe na ga mota a bakin ƙofa, irin masu kwasar dawakan da suka gama aiki zuwa kudu. Kowa ya san abin da ake yi da su a can. Na roƙa a bar mini shi in kai shi gida Kahu, ko ba a hawa zan ci da shi. Malam ya ce an riga an gama magana. Ni na hau da shi motar, don ya ƙi bin kowa.

Da motar ta tafi na sami Malam a ƙarƙashin rumfa yana nuna wa sababbin ɗalibai yadda ake ɗora hannu a kofato. Ya ce in jira ya gama. Na ce ba zan jira ba. Ya ce ni ma ina da surukai, na san yadda abin yake. Na ajiye masa ragamar kilin a gabansa na ce, "Malam, da ka tsaya ka ce mini ka ji kunyar surukinka, da na ji haushi na haƙura. Amma kai ka koya mini in ji zafin ƙafarsa, sannan ka tura ni Unguwar Gai don kada in kalle ka kana soka masa allura. Ka ci gaba da koya musu, karatun gaskiya ne. Sai dai ka faɗa musu dokar ba ta aiki ranar da surukinka ya zo."