Ashe Jinin Gida Biyu Ne

A lokacin ni mai ɗinki ce a Unguwar Kanawa. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya tilo, budurwa. Halina kuwa kowa ya sani, ina da riƙo. In aka yi mini, sai na rama ko bayan shekara nawa ne.

Ciwon yarinyar ya fara da tabo a kumatu da ciwon gaɓoɓi. Gwaggonta, yayar marigayi, ta ce man bilicin take shafawa. Da ƙafafu suka kumbura, fuska ta yi suntum, ga kasala ga amai, sai matar nan ta bi gidajen dangi a Hayin Banki tana cewa a binciki yarinyar, ita da ta sha haihuwa ta san irin wannan kumburin. Ciki fa take nufi! Marainiyar ƙaninta! Yaron da ke neman ta ya ɗauke ƙafa, ko sallama babu. Da asibiti suka ce lupus ne, ciwon da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita, kuma ya taɓa ƙoda, ko haƙuri Gwaggo ba ta ba mu ba. Sai ta sauya baki, wai mugun jinin uwarta ne, su kaf zuriyarsu ba a san shi ba. Na haɗiye, amma wallahi na ajiye mata.

Abin ya kai mu ga wankin ƙoda. Likita ya yi wani gwajin gado, ya ce akwai abin da ake gada da ke sa ƙodar mai lupus saurin lalacewa, kuma ya fi yin illa in an gaje shi ta uwa da ta uba. 'Yata ta gaji duka biyun. Ya ce in sanar da dangin ubanta cikin hikima don su riƙa duba lafiyarsu. Ni abu ɗaya kawai kunnena ya ɗauka: ta uba.

Da aka zo maganar dashen ƙoda, ni hawan jini ya hana ni ba 'yata ƙodata. Baffanta, ƙanin marigayi, shi ya zo ya ce zai je a gwada shi, in ta dace ya bayar, amma kada kowa ya ji tukuna.

Ana haka sai sunan jikar Gwaggo ya zo. Na ci ado na tafi. Tsakar gida cike da mata, na miƙe na dubi Gwaggo na ce Yaya ta buɗe kunne, mugun jinin da take faɗa yana yawo a gidansu, likita ya tabbatar, ta je ta binciki nata 'ya'yan. Rantsuwa ba kaffara, na ji sanyi har cikin raina.

Ashe matar Baffa tana zaune a wurin, kuma ta san da maganar bayar da ƙodar. Ta koma gida ta tayar da ƙayar baya, iyayenta suka sa baki, wai tunda abin a jininsu yake, ya riƙe ƙodarsa. Ko gwajin bai je ba, ya daina ɗaga wayata.

Har gobe ban yafe wa Gwaggo ba, kuma sai Allah ya yi mana hisabi da ita. Amma 'yan'uwana mata, maganar da likita ya ba ku don lafiya, kada ku kai ta gidan suna ku yi faɗa da ita. Duk ranar wankin ƙoda, in na riƙo 'yata muna fitowa daga asibiti, sai ta tambaye ni ko Baffa ya kira. Har yau ce mata nake yi ya yi tafiya.