Ranar da na ƙona gidan matata a cikin waya

Ko tsufa ya ɗauke mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da na cinna wa gidan matata wuta da hannuna, alhali ina zaune lafiya lau a rumfar hatsi a kasuwar Tambuwal.

Lokacin tana da cikin fari, cikin ya zo mata da wahala har likita ya hana ta aiki. Ƙanwarta ta sa mata wani wasa a wayata, da yake tata ƙaramar waya ce. Ni kuwa ban taɓa leƙawa ba. Da magariba ta yi sai in miƙa mata wayar in wuce majalisa, hankalina kwance. Da haihuwa ta matso aka zo ɗaukarta zuwa Kebbe goyon ciki. Tana bakin mota ta ce, “Malam, amana. Ka riƙa ba furannina ruwa, kuma kada ka bar tunkiyata da yunwa.”

Na ce, “Ni da aka haifa cikin kunyar gona a Jabo, gonar waya za ta gagare ni?”

Washegari a rumfa na buɗe wasan. Wata 'yar mutum ce mai ƙaton kai da gajerun ƙafafu a tsibiri, tana saran itace, tana tsintar duwatsu, ta haɗa su ta yi gatari. In yunwa ta kama ta sai ta dafe ciki. Ga gidan katako da matata ta gina, ga furanni, ga tunkiya zagayayya kamar curin auduga tana tsalle. Wallahi abin ya ba ni sha'awa, amma girman kai ya hana ni yarda. Sai idon manomi ya motsa. Na ga ciyawa ta cika bayan gida, na ce, “Kai, wagga ƙazanta!”

Mu a wurinmu in za a yi sharar gona, tattara karmami ake yi tsibi-tsibi a sa wuta. Haka na yi. Na tara ciyawar tsaf, na ɗauko itacen wuta na cinna, har ina yaba kaina. Ban yi tunanin gidan katako ne ba. Wuta ta lashi shinge, ta haye rufi, furanni suka zama toka, tunkiya ta ranta a na kare. Na miƙe tsaye ina salati ina hura wa waya iska. Maƙwabcin rumfata ya rugo a guje.

“Lafiya? Mi ya faru?”

“Gidan iyalina na ci da wuta!”

Bawan Allah har ya tayar da babur kafin in nuna masa fuskar wayar. Har yau in ya hango ni sai ya ce, “Sannu da gobara.”

Dariya dai an yi, amma ni tsoro ne ya kama ni, don na san yadda ta furta kalmar amana. Na duƙufa. Ni da gemuna, ina auna wa mutane gero da hannu ɗaya, ɗayan yana saran itacen ƙarya. 'Yar mutum ɗin ta suma da yunwa ba adadi kafin in gane yadda ake gasa mata kifi. Gida kuwa ban san irin nata ba, sai na gina irin wanda na sani: zaure, rumbu, turke. Inda furanni suke na shuka hatsi. Tunkiya ce ta fi ba ni wuya. Na karaɗe tsibirin kaf, sai bayan matata ta haihu, ana jibi suna, na same ta a bakin rafi, ta rame. Na fi murna da ita a kan ragon sunan da na saya.

A Kebbe, bayan an raɗa suna an watse, na shiga ɗakin jego na miƙa mata waya. Ta daɗe tana kallo.

“Malam, mi rumbu ka yi a tsibirina? Ina furannina?”

Na faɗa mata gaskiya. Ta yi dariya har gwaggonta ta leƙo tana faɗa. Can sai ta tsaya cak.

“Tunkiyar fa?”

Na nuna mata ita a turke. Ta shafa fuskar wayar da yatsa, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “In ka tafi majalisa, ita ka taya ni zama.”

Kunya ta rufe ni. Ashe abin da nake kira wasan yara, can ta riƙa kai kaɗaicinta wata da watanni, ni ina waje ina gardamar farashin taki. Tun daga ranar na koyi cewa in mutum ya ba ka amanar abu, kada ka auna shi da mudunka, ka tambaye shi me yake nufi a wurinsa. Yanzu da magariba nakan zauna gida. A tsibirin ita ce mai furanni, ni aikina ɗebo ruwa, kuma har yau ba a yarda in taɓa wuta ba.