Ƙafar da ta Riga Ki Isa Gida

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, muna cikin azumi, Sabaheta ta bugo min waya. Ko gaisuwa ba mu yi ba, abin da kawai ta iya faɗa shi ne, "Kawu Hamdija, Mama ta cika." Na zauna a bakin gado da wayar a hannu har layin ya katse. Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Yaya Munevera Softić, kin rasu a gidanki na unguwar Vratnik kina da shekara tamanin da ɗaya, 'yarki Sabaheta na riƙe da hannunki.

Ba ciki ɗaya muka fito ba. Ke kika naɗa ni ƙanenki ranar da na fara aiki a ɗan ɗakinmu na shirya katun, wanda ke saman shagon wani tela a nan Sarajevo. Kin dube ni daga sama har ƙasa, kika ce wannan sai an ciyar da shi kafin ya iya riƙe fensir. Daga ranar na zama ƙane, kuma ban taɓa samun ƙarin girma ba har na yi furfura.

Ni nake zana Jarko, ke kike shafa masa launi. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma iyayensu sun sani. Bunsuru ne ɓarawon kabeji, wanda bai taɓa yin hankali ba. Kowane fim sai ya tsallaka lambun wani tsoho, kowane fim kuma sai ya ƙare a cikin injin tsaga katako, ya fito ta ɗaya gefen gunduwa-gunduwa kamar burodin shayi. Nan ne yara suke kwanciya da dariya. Ƙafafunsa ne suke fara farfaɗowa, ta hagu ta zabura, sauran su bi ta, su sheƙa gida a guje su bar gangar jikin. Sai su tsaya a bakin ƙofa suna buga ƙasa don ƙosawa, har gunduwoyin su iso ɗaya bayan ɗaya, kan ya mirgino a ƙarshe da ganyen kabeji a baki. Sai sun haɗu duka ƙofar take buɗewa.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, duk abin da aka yanka yana da ciki, kuma dole wani ya shafa wa cikin nan launi. Mai gidanmu ya ce a sa ja, tunda nama ne. Kika ajiye buroshi kika ce, "Yara za su kalli wannan suna cin abincin yamma. Ni ba na ɗora jini a teburin mutane." Sai kika zana cikin Jarko a naɗe kamar burek, siririyar gurasar nan tamu da ake naɗewa a gasa. A wani fim cikin ya zama cuku mai huji-huji, a wani ya zama saƙar safar ulu. Yara suka koma yin musu a makaranta kan abin da za a tarar a cikinsa a fim na gaba. Ke kuma kullum kina zuwa da faranti na burek, wai samfuri ne da za ki riƙa dubawa, mu kuwa sai mu cinye samfurin kafin azahar. Kina zaginmu, gobe ki sake kawowa.

Lokacin da matata ta kwanta asibiti tsawon wani hunturu, a gidanki 'ya'yana suke ci, mijinki Ragib ne yake raka su makaranta. Da na zo godiya, cewa kika yi in tafi in yi aski, na yi kama da Jarko.

Sai yaƙi ya zo, aka kewaye garin. Wata safiya Ragib ya ɗauki jarkoki ya tafi layin ruwa, bam ya faɗa a wurin. Ni da wani maƙwabcinku muka je ɗauko shi. Ba zan rubuta abin da muka tarar ba, kuma ke ma ba ki taɓa tambayata ba, sai dai kin ga girman abin da muka naɗe a bargo. Daga ranar ba ki sake taɓa buroshi ba. Idan an nuna Jarko a talabijin, tashi kike ki fita. Ni ma bakina bai ƙara kama sunansa a gabanki ba, kusan shekara talatin, duk da kofin da nake sha a gidanki kowace Juma'a.

Shekara uku da suka wuce ciwon suga ya ci ƙafarki ta hagu. Likitoci suka ce ko a yanke ta, ko ruɓar ta hau jiki ta tafi da ke kafin bazara. Kika ce ba ki yarda ba. Sabaheta ta yi kuka, liman ya zo ya yi nasiha, jikarki Lamija da ke ɗauke da cikin fari ta durƙusa ta roƙe ki. Duk kika juya musu baya. Da dabara ta ƙare sai aka aiko min, ni da ban taɓa cin gardama da ke ba ko sau ɗaya.

Na same ki kwance kina kallon bango.

"Kai ma an turo ka ke nan," kika ce.

"An turo ni, Yaya."

"To ka sha kofinka ka tafi. Yankan da aka yi a gidanmu ya isa. Ragib ya tafi a gutsure, ni ma in je masa a gutsure? Gara ɗayanmu ya isa cikakke."

Tsoro ne ya kama ni, tsoron zama a duniyar da babu mai ce min ƙane. Ban san lokacin da na ɗora yatsu biyu a kan bargonki ba. Na sa su suka zabura, suka sheƙa a guje har bakin gado, suka tsaya suna buga ƙasa. Sabaheta ta toshe baki da hannu, don ta san abin da na taɓo. Ni kaina na ɗauka ranar ce za ki kore ni daga gidanki har abada.

Kika dubi yatsun nan. Can kika ce, "Shashasha. Shekara ashirin kana zana shi, ka manta? Ta hagu ce take fara tashi."

Na gyara. Kika yi dariya, dariyar ta juye kuka, kika yi kukan Ragib da ban ga kin yi ba ranar jana'izarsa. Da kika share fuska kika ce, "In na yarda, ba za a jefar min da ita ba. A wanke ta, a naɗe a farin ƙyalle, a binne ta kusa da shi, a wurin da aka ajiye min. Kuma kai za ka kai ta da hannunka. Ka ce mata ta jira ni a bakin ƙofa."

Haka aka yi. Ni da liman da mai haƙa muka hau maƙabarta da ɗan ƙunshin nan a ƙirjina. Na saka ta a gefen Ragib, kuma na isar da saƙonki kamar yadda kika faɗa, liman yana kallona. Na ce masa umarnin yayata ne, sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a.

An gaya min da kika farfaɗo daga aikin, likitan kika fara kira, kika tambaye shi, "Ɗana, me ka tarar a ciki? Ba burek?" Yaron bai gane ba, ya ɗauka maganin barci ne bai sake ki ba. Wata ma'aikaciyar jinya da ta girma da Jarko ce ta fita waje ta yi ta dariya.

Shekara ukun nan da kika ƙara, mu aka ƙara wa. Kin riƙe ɗan Lamija ranar da aka haife shi. Da ya fara wayo kika ɗora shi a cinya a kan keken da ake tura ki, kika sa aka nemo muku Jarko, kuka kalla tare har ƙarshe. Kin koma zagina yadda ya kamata. Juma'ar da na yi miki ganin ƙarshe, babu kofi saboda azumi, kika ce min, "Ƙanena, waccan ta gaji da buga ƙasa." Na ce ta ƙara haƙuri mana. Kika ce ai na san halinta.

Washegarin rasuwarki, bayan azahar, muka kai ki. Mai haƙa ya bi a hankali har ya kai ga ƙunshin, ƙyallen ya koma launin ƙasa. Ni na sauka na karɓe ki, duk da gwiwoyina, na gyara wa ƙafar wuri inda ya dace da ita.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Sabaheta da mijinta, ga Lamija da ɗanta, da duk wanda ya taɓa dariya yana yaro bai san hannunki ne ya hana shi ganin jini ba. Allah Ya ba ku haƙuri, ni ma ku roƙa min. Ya Ubangijin da ke tattara ƙasusuwa bayan sun warwatse, Ka gafarta wa Munevera, Ka yi mata rahama, Ka sa ciwonta ya zama kaffara. Ka tara Ragib, Ka mayar masa da duk abin da ba mu iya tsintowa ba a ranar nan. Yaya, kin isa, babu sauran abin jira. Allah Ya buɗe muku ƙofar, ku shiga cikakku.